Koren Ruwa a Jar Rijiya

Tun kafin mu hango Jar Rijiya muka hango ungulaye suna shawagi a kanta. Ɗan sandan garinmu yana bayana a kan babur, don nasa ya kwana biyu a garejina ba taya. Da muka sauko gangare sai ga awaki kwance ko'ina, ciki a kumbure, ƙafafu a sanƙare. Akwai tumaki, akwai 'ya'yan raƙuma biyu, da wani baƙin kare. Wata taguwa tana tsaye a kan ɗanta tana wani irin kuka da ba na fatan in sake ji.

Dabbobin na Dulam ne, wadda mijinta ya rasu a sanyin bara waccan. Ita ba ta wurin. Tana asibitin gari da 'yarta Sarnai mai shekara bakwai. Yarinyar ce ta kai awakin ruwa jiya da safe, ta dawo da rana tana tangaɗi tana dariya kamar wadda ta sha giya, da yamma kuma ta fara amai.

Makiyaya sun cika wurin, kowa na magana ba mai saurare. Muryar Orgodol, ƙanen Dulam, ita ta fi tashi. Shi ya kai yarinyar asibiti a motarsa, da asuba kuma ya ari doki ya dawo ya kife komin da ake shayar da dabbobi, don kada wata dabbar ta ƙara sha.

"Maganin kashe kyarkeci ne aka zuba," in ji shi. "Kuma ba sai an yi duba ba. Wa muka kora daga rijiyar nan makon jiya? Awakin wa ne ba su mutu ba?"

Kowa ya san da wa yake. Yondon ne, baƙon da fari ya koro daga yamma da iyalinsa. Ya kafa tanti a bayan tudu yana shayar da garkensa a rijiyarmu, har ruwa ya ja baya, mutane suka taru suka ce ya nemi wata.

Mutum ɗaya ne bai shiga taron ba. Baba Puntsag yana zaune can gefe a kan dutse, riƙe da linzamin dokinsa. Ƙuruciyarsa duka a kan iyaka ya yi ta, yana bin sawun 'yan fasa-ƙwauri da raƙuman da suka ɓata. Yanzu gwiwa ta gaji, amma idon yana nan. Ɗan sanda ya je ya gaishe shi.

"Baba, me ka gani?"

"Na ga takalma," in ji tsohon. "Mutum talatin sun zo sun yi rawa a kan abin da zan karanta. Kore min su baya."

Ya tashi da ƙyar, ya ciro battar tabarsa ya miƙa wa manyan da ke wurin, kamar yadda aka saba. Kowa ya karɓa da dama ya shaƙa ya mayar. Orgodol ya karɓa da hagu. Wani dattijo ya ɗaure fuska, amma ba wanda ya tanka. Mutumin da 'yar yayarsa ke kwance ba a yi masa gyaran ladabi.

*

Baba Puntsag ya daɗe yana zagaya rijiyar. Ya ɗaga guga ya shinshina. Ya tsaya a gaban sandar da ake ɗaura shuɗin alharini don girmama ruwan, ya shafa ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya durƙusa inda aka kife komi. Rana ta ɗaga, ƙasa ta fara ɗumi.

"Namsrai," ya kira ni. "Zo nan, mai baƙin hannu. Kiyashi na cin maganin kyarkeci?"

Na leƙa. Wurin da ruwan ya tsuma ya yi baƙi da kiyashi, layi-layi daga kowane ɓangare. Tsohon ya dangwali ƙasar ya kai harshe, ya tofar.

"Zaƙi," ya ce. "Wace guba ce mai zaƙi?"

Na ɗebi ƙasar na murza. Santsi gare ta kamar an zuba mata sabulu. Na ɗaga komin na duba cikinsa, sai na ga a ƙarƙashin gansakuka akwai wani kore mai haske wanda ba na gansakuka ba ne. Nan take na gane shi. Shekara ashirin ina zuba wannan abin a lagireton motocin mutane.

"Ruwan sanyaya inji ne, Baba. Koren nan da ke hana lagireto daskarewa. Kare in ya lasa ba ya bari sai ya shanye. Da farko maye yake sawa, daga baya ya cinye ƙoda."

Ɗan sanda bai jira na gama ba. Ya ɗauki babur ɗina ya hau tudun da waya ke kamawa, ya kira asibiti. Da ya dawo fuskarsa ba daɗi.

"Likita Densmaa ta ce me ya sa sai yanzu. Ta ce yarinyar ta daina fitsari tun jiya."

Na juya in gaya wa taron, Baba Puntsag ya riƙe min riga.

"Likita ta ji, ya isa. Sauran su ci gaba da maganin kyarkecinsu. Wanda ya san gaskiya a cikinsu kada ya san mun sani."

*

Kusa da rijiya kofato ya goge komai. Sai da muka yi nisa ta arewa, inda ƙasa ke da tsakuwa, tsohon ya tsaya ya nuna min da bulalarsa. Sawun taya ne, irin na furgon, motar nan mai kama da burodi da kowane mai hali yake da ita a wajenmu. Tsakanin tayoyin kuma ga ɗigo, kowanne da kiyashinsa.

Muka bi sawun baya-baya, shi a kan doki ni a ƙasa. Kusa da rijiya ɗigon manya ne kuma kusa da juna. Da muka yi gaba suka ƙanƙance, suka yi nisa da juna, har suka ɓace.

"Karanta min naka, in karanta maka nawa," in ji shi.

"Ɗigon yana bin gefe guda, ta gaba. Ba lagireto ne ya huje ba, da feshi zai yi. Tiyon ƙasa ne ya tsage kusa da inda zoben ƙarfe ya matse shi. Tsohon tiyo yakan jure tafiyar hankali, amma in aka takura inji ya yi zafi, nan yake fara buɗewa. Mutumin nan ya ga allurar zafi ta hau, ya nufi ruwa mafi kusa."

"To ga abin da ya takura injin."

Daga nan sawun ya daina tafiya miƙe. Ya karkata dama, ya karkata hagu, ya yi da'ira, ƙasa duk ta tone. A gabansa kuma ga ƙananan kofatai masu tsini, tazararsu ta gudun ceton rai. A bayan wani daji tsohon ya sauka ya tona yashi da ƙafa. Kawunan barewa biyu ne da kayan ciki, ƙuda ya rufe su.

"Ya kore su da mota har suka faɗi," ya ce. "Doka ta hana, kuma ya san ta hana. Ba guba ya zo zubawa ba. Ya tari ruwan injinsa a gugan rijiya don ya gyara tiyo, na ji ƙamshinsa a gugan. Da ya buƙaci gugan sai ya juye a komi. Wani abu ya firgita shi ya gudu bai kwashe ba. Furgon nawa ne a yankin nan?"

"Uku. Ta Yondon, ta tsoho Chimed, sai ta Orgodol da ke ƙofar asibiti."

"Wadda ke ƙofar asibiti ba inda za ta. Mu fara da masu nisa."

*

Mun iske an riga mu zuwa wajen Yondon. Leɓensa a fashe, ido ɗaya a kumbure, matarsa tana kwance igiyoyin tanti tana kuka a hankali. Duk da haka ta shigar da mu, ta zuba mana shayin madara mai gishiri.

"Wa ya yi maka wannan?" in ji Baba Puntsag.

"Doki ne ya harbe ni."

"Dokin mai zobe ne, na ga shaidarsa a kumatunka. Yaushe rabonka da Jar Rijiya?"

"Tun ranar da kuka ce ruwanku ba na baƙi ba ne. Kullum sai na kora garke rabin wuni zuwa tafkin gishiri. 'Yan awakina suna mutuwa a hanya, ba wanda ya zo ya ƙirga su. Baba, ni ma ina da 'ya. Tare suke wasan ƙashin tumaki da Sarnai."

"Ka yi barazana ranar da aka kore ka, an ce."

"Na ce rijiyar da ta hana maƙwabci ruwa ba za ta yi albarka ba. Baki ne ya faɗa. Yanzu ga shi ina biya."

Na fita na duba motarsa. Taya ɗaya a sace, kaji ba ya da su amma 'yan awaki sun mai da ƙarƙashinta ɗaki, kashinsu ya taru ba sawun taya a kai. Injin furgon a cikin motar yake, tsakanin kujerun gaba. Na ɗaga marufinsa, na taɓa, sanyi ƙalau. Na buɗe lagireto. Cike yake, kuma ruwan ja ne, irin wanda ake sayarwa a yamma.

"Ba ita ba ce," na gaya wa tsohon.

Ya juya ga matar. "Ƙanwata, mayar da igiyoyin nan. In kuka tashi yau, kun amsa laifi ke nan. Gobe da hantsi zan aiko a ja motarku zuwa gari."

*

Tsoho Chimed ya yi tuƙin motar gidan waya tun kafin a haife ni. Mun same shi yana gyaran sirdi a bakin tanti, yatsansa ɗaya naɗe da tsumma. A jikin tantin ga ƙahon barewa a rataye. Na kalli Baba Puntsag, bai kalle ni ba.

"Kai, ga ɓarawon sifana da mai shinshinar ƙasa," in ji Chimed. "Wa ya mutu?"

"Ba a mutu ba tukuna. Me ya sami yatsanka?" in ji Baba Puntsag.

"Basilla. In kwance maka ka sumbata?"

Ban tsaya jin sauran ba, na nufi motar. Inji a sanyaye. Na buɗe murfin lagireto, na haska. Ruwan rijiya ne zalla, ba kore ba ja. A farkon kaka, lokacin da ƙanƙara ta fara kwana a bakin tulu, ba mai hankalin da zai bar ruwa zalla a inji sai wanda ya rasa nasa a hanya.

"Baba Puntsag! Zo ka gani!"

Chimed ya biyo shi yana dariya. "Yaro ya gano ruwa a cikin lagireto. A ba shi lambar yabo."

"Ina koren ruwanka ya tafi?" na ce.

"Wane kore? Ni in sayi ruwa a jarka, rijiya na nan? Shekara arba'in da ruwa nake tafiya. Kowace yamma in kwance in tsiyaye shi, da safe in dafa wani in zuba. Sa yatsanka, malamin makanikai."

Na sa. Bakin lagireton ya yi farin dutse kamar cikin tsohuwar buta, kauri guda. Wannan ba aikin kwana biyu ba ne. Na shiga ƙarƙashi na matsa tiyon ƙasa, lafiyarsa lau. Na fito kunya ta ishe ni.

Baba Puntsag ya zauna suka yi musayar batta. "Shekaranjiya da yamma kana ina?"

Dariyar Chimed ta ɗauke. "Neman raƙumi na tafi a kan babur. Na bi ta kusa da Jar Rijiya. Na hango mota a tsaye, na ce bari in je in tambaya ko an ga raƙumina. Da mai motar ya hango ƙurata sai ya tayar ya yi kudu a guje. Na ce wannan ko mara kunya ne ko mai kaya a ciki."

"Ka gane shi?"

"Idona ba naka ba ne. Furgon ce dai, toka-toka, kamar kowace."

Muka kama hanyar gari. Uku ne, an cire biyu. Ni dai zuciyata ta ƙi yarda. Orgodol ne ke ɗora Sarnai a wuya ranar sukuwa, shi ya saya mata jan takalmin da take yawo da shi. Ya taɓa shiga hannu a kan farauta, alƙali ya ce in ya sake sai kurkuku, amma wa bai taɓa harbin barewa ba a nan?

"Wataƙila motar wani gari ce," na ce.

"Wataƙila," in ji tsohon.

Da muka isa gari muka iske mata tsaye a ƙofar asibiti sun rufe baki da hannun riga. Motar asibiti ta ɗauki Sarnai zuwa babban asibitin lardi, ba ta kai rabin hanya ba yarinyar ta cika, motar ta juyo. Orgodol ya riga ya ɗauki yayarsa ya mai da ita tanti.

*

Washegari da hantsi filin da ke gaban ofishin gari ya cika. Samari sun zo da dawakai, wasu da jarkar fetur, suna maganar tantin Yondon. Ɗan sanda ya tsaya a gaban baƙon. An jawo motar Yondon, Chimed ya kawo tasa tun da sassafe yana mita. Ta ƙarshe da ta iso ita ce ta Orgodol, Dulam a kujerar gaba. Ta sauko kamar mai tafiya cikin barci. Likita Densmaa ta riƙe ta.

Baba Puntsag bai ɗaga murya ba, dole aka yi shiru don a ji shi. Ya faɗi abin da ya kashe dabbobin da yarinyar. Ya faɗi maganar barewa, da tiyo, da guga, da komi. Ya ce Namsrai zai buɗe motoci uku a gaban kowa.

Na buɗe ta Yondon, mutane suka leƙa suka ga ja. Na buɗe ta Chimed, shi da kansa ya yi musu bayani da zagi. Na shiga ta Orgodol na ɗaga marufin inji, zafi ya bugi fuskata. Na kai bayan hannu kusa da tiyon sama. Tauri gare shi kamar itace.

"Buɗe mana!" wani saurayi ya yi ihu.

"Ba a buɗe murfi da zafi," na ce. "Ruwan ciki ya fi tafasasshe zafi, a matse yake. In na murɗa yanzu, har rufin motar zai kai, ya ɗauke min fatar hannu. Sai ya huce."

Da na ambaci rufi sai idona ya kai can. Ƙyallen da aka lulluɓe rufin da shi, daidai saman injin, yana da tabo mai faɗi, kore-kore, an goge amma bai fita ba. Na sauke kaina.

Muka jira. Ban taɓa jin jira mai tsawon wannan ba. Ba abin da ake ji sai ƙas-ƙas ɗin ƙarfe yana hucewa, da dawakai suna buga ƙafa. Orgodol yana tsaye jikin ƙofar motar, hannunsa na dama cikin dogon hannun rigarsa, gumi na bin wuyansa duk da iskar da ake yi. Sau ɗaya ya ce, "Wannan wasan yara ne, mai laifi na tsaye ga shi can."

Da tiyon ya yi laushi na ninka tsumma na ɗora a kan murfin, na murɗa kaɗan, na jira iskar ta gama fita, sannan na cire. Na tsoma tsinke na ɗaga. Ruwan rijiya ne mai laka, da ɗan kore a wanke.

"Yoyo take yi tun bazara," in ji Orgodol da sauri. "Ina ƙara mata ruwa. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne," in ji Baba Puntsag. "Namsrai, shiga ƙarƙashi ka gaya mana da me ya ɗaure yoyon."

Na kwanta na shiga. Tiyon ƙasa ya tsage daidai inda na ce. An naɗe shi da ƙyalle an ɗaure da waya. Na sa faranti na tari ruwan, na kwance wayar, na warware ƙyallen na fito da shi. Mai da ƙura sun ɓata shi, amma cikin ninkin yana nan da launinsa. Shuɗin alharini ne.

Tsohon ya sa hannu a ƙirjin rigarsa ya ciro wani guntun. "Wannan na kwance shi jiya daga sandar Jar Rijiya, ruwan ya yafe min. An yanke shi da wuƙa, ba iska ce ta yaga shi ba."

Ya shimfiɗa su biyun a kan gaban motar. Yankan ya bi karkace, ya yi ɗan tsani a tsakiya inda wuƙar ta kakare. Baki ya haɗu da baki, ba ragi.

"Ɗana," ya ce da Orgodol, "jiya ka karɓi battata da hagu. Uwarka ba haka ta koya maka ba. Fito da damar."

Orgodol bai motsa ba. Ɗan sanda ya kama hannun rigar ya naɗe. Mutanen da ke kusa suka ja baya. Daga yatsu har gwiwar hannu fatar ta saluɓe, ta yi ruwa, ta fara wari.

*

Orgodol ya zauna a ƙasa. Maganar tana fita guntu-guntu. Naman barewar na gidan yayarsa ne ya yi niyya, don kada ta yanka akuya kafin sanyi. Allura ta hau, ya yi sauri ya buɗe murfi, ruwan ya watso masa. Ya tari sauran a guga, ya juye a komi don ya ja ruwan sanyi ya tsoma hannu. Ya ɗaure tiyo da hannu ɗaya da haƙori. Yana shirin kwashe na komin ya hango ƙura.

"Na ce da asuba zan dawo in zubar. Zazzaɓi ya kwantar da ni. Da na farka rana ta yi."

Ba wanda ya zage shi. Samarin nan masu fetur suka sunkuyar da kai, ɗaya ya ɓoye hannunsa mai zobe a baya.

Dulam ta saki likita ta tako har gabansa. Muryarta a bushe take.

"Ƙanena, yaushe ka san ta sha?"

Ya kau da kai.

"Yaushe?"

"A ƙofar asibiti, Yaya. Da kika shiga kiran likita. Ta ce, Kawu, ruwan yau akwai zaƙi kamar alewa."

"Da likita ta fito ta ce ko akwai wanda ya san abin da ta ci ko ta sha, kana ina?"

"Ina bakin ƙofa."

"Ka ji ta?"

"Na ji." Ya fara kuka. "Na san yana kashe kare. Na ce mutum ba kare ba ne, za ta amayar. Na ce in na faɗa, sai a tambayi me ya kai ni rijiya. Yaya, na rantse na ce za ta amayar."

Dulam ta juya ga likita. "Gaya min gaskiya. Da ya faɗa a lokacin?"

Likita Densmaa ta so ta kauce, Dulam ta riƙe mata ido.

"Maganinsa barasa ce, in an ba da ita da wuri, bisa awo," in ji likitar a hankali. "Ina da ita a kabad. Kowane tanti a yankin nan akwai ta."

Wata mata ta fashe da kuka a bayan taro. Dulam ba ta yi ba. Ta durƙusa ta kama hannun ƙanenta mai ƙunar, ta juya shi ta duba ciki da baya, kamar yadda take duba ƙafar ɗan rago. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, kowa a filin ya sani.

"Wannan ya fara ruɓa," ta ce. "In aka bar shi zai shiga jini?"

"Zai shiga," in ji likita.

"To a wanke masa kafin a tafi da shi. A ba shi allura, duk abin da ake bayarwa." Ta saki hannun, ta miƙe, ta goge tafinta a jikin riga. "Ina so ya daɗe a duniya."

Ta ratsa taron, mutane suna buɗa mata hanya. Ba ta kalli motar ba. Ta wuce ofis, ta wuce garejina, ta kama hanyar tantinta a ƙasa. Tafiyar wuni ce. Matar Yondon ce kaɗai ta yi ƙarfin halin bin ta, tana tafe a baya kaɗan.